Ranar da Kyaftin Ya Cika Kwando

Ranar da ya fara ganin fuskarta, zagi ne ya fito daga bakinta.

Tun daga matsayar jirage ta ba shi baya. Ta zauna a gaban kwale-kwalen da malafa a ka, tana rungume da wata jaka. Shi kuwa Kyaftin, kamar yadda abokan tuƙinsa suke kiransa don tsokana, bai san tafiya a hankali ba. Ya murɗa inji har ƙarshe, ya zo ya caka hancin jirgin cikin yashin tsibirin. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, farare masu baƙin kai, suka rufe sama da ihu.

Sai ta juyo.

"Kai wane irin mahaukaci ne? Kashe injin nan!"

Ya kashe. Ba tsawar ce ta sa shi ba, idanun ne.

"Malama, ai na kawo ku da wuri."

"Ka kawo mu da wuri, ka kori iyaye daga kan 'ya'yansu. Ka ga hankakin can? Kai suke yi wa godiya."

Dakta, shugaban aikin binciken tsuntsaye, wanda ya ɗauki hayar jirgin har ƙarshen lokacin ƙyanƙyasa, ya sauka yana kakkaɓe wando. Ko kallon Kyaftin bai yi ba. Ya ce da ita, "Rabu da shi, Auta. In da yana da kai, ai da ba tuƙi yake yi ba."

An ce ya zauna a jirgi ya jira su. Amma Kyaftin bai taɓa iya zama ba. Kafin su yi nisa ya bi bayanta.

Aikin ya ba shi mamaki. Auta takan yi tafiya a sunkuye, tana kallon ƙasa kamar wadda ta yar da allura. Can sai ta tsaya a kan abin da shi ya ɗauka dutse ne, ashe ɗan tsako ne ya lafe, launinsa launin yashi. Kafin ta ɗaga shi sai ta kafa wani tsinke mai lamba a daidai wurin. Ta saka shi a 'yar jakar ƙyalle, ta rataya a sikeli. Ta fito da shi, ta ɗora rula a bakinsa, a fiffikensa, a ƙafarsa. Ta hura gashin cikinsa tana neman ƙwari, ta shafa ƙashin ƙirjinsa da yatsa. Sannan ta maƙala masa zobe a ƙafa, ta mayar da shi gindin tsinken, ta zare tsinkenta.

"Inda aka ɗauke shi, nan ake mayar da shi," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na gaban da ta ɗaga, ta daɗe tana shafa ƙirjinsa.

"Taɓa nan."

Ya taɓa. Ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa.

"Mai ƙoshi ba ka jin ƙashin. Wannan iyayensa ba sa samo masa kifi. Ba zai yi fiffike ba."

"To ki ba shi mana. Ina da ƙananan kifi a jirgi."

"Ba ma ba su. Awo muke yi. In muka ciyar da shi, ba za mu san ko ruwan nan yana iya ciyar da su ba."

"Wato ki auna shi, ki san zai mutu, ki ajiye?"

"Ƙwarai."

"Kai! Ke muguwa ce."

"Kai kuma mahaukaci. Riƙe min jakar nan."

Ya riƙe. Sunayen kuma suka bi su.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Muguwa, kin isa gida lafiya? Ina wanke jirgi na tsinci gashin tsuntsu a inda kika zauna. Na adana. Ki zo ki karɓa da kanki."

"Mahaukaci, gashin tsuntsu ya cika tsibiri. Sake dabara."

"To zuciyata na tsinta a wurin. Ita ma ta cika tsibiri?"

"Gobe ka kashe inji tun daga nesa. Sai mu ga ko zuciyar tana jin magana."

Washegari tun daga nesa ya kashe inji, ya ƙarasa da filafili. Dakta ya duba agogo ya yi tsaki. Auta ba ta juyo ba, amma Kyaftin ya ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi.

Haka aka yi ta tafiya. Shi ne mai riƙe jaka, shi ne mai kare ta da malafarsa idan iyayen tsuntsayen suka kawo mata sara a ka. Ta koya masa gane wanda ya ƙoshi daga tafiyarsa. Ya koya mata karanta ruwa, inda yake da zurfi da inda yake yaudara. Dakta yana gani, yana haɗiyewa. Shi ma ya daɗe da sa ido a kan Auta, sai dai bai saba roƙo ba. Yana jira ne ta gane da kanta wanda ya dace da ita.

Da magana ta yi ƙarfi, Auta ta ce ya je ya gai da Baba, mahaifinta.

Baba kafinta ne, shagonsa a jikin gidan. Kyaftin ya same shi yana haɗa ƙafar tebur. Ya durƙusa ya gaishe shi. Baba bai nuna masa wurin zama ba. Ya shafa gam, ya haɗa katako biyu, ya ce, "Riƙe min nan. Kar ka motsa."

Kyaftin ya riƙe.

"Karatu fa?"

"Na bari tun da wuri, Baba."

"Sai me?"

"Na yi kanikanci."

"Ka ƙware?"

"Ban daɗe ba. Na koma gyaran waya. Daga nan na ɗan yi tuƙin babur, sannan jirgi."

"Bayan jirgi sai me? Jirgin sama?"

Kyaftin ya yi dariya, ya ɗaga hannu ɗaya zai yi bayani. Katakon ya zame, gam ya dalalo a ƙasa.

Baba ya dubi katakon, ya dube shi.

"Katako ma ba ka iya riƙewa har ya kama. Shi ne zan ba ka 'yata? Ita ce ta ƙarshe, a hannuna uwarta ta bar ta. Tashi ka tafi. In ka ga ƙofar nan a buɗe, ba kai aka buɗe wa ba."

Auta tana bayan labule, ta ji komai. Ta rubuta masa: "Mahaukacina, kar ka karaya. Baba haka yake, ni ma bai taɓa yaba min ba. Ni dai na riga na zaɓa."

Ya amsa: "Muguwata, ko gam ne a hannuna zan sake riƙewa. Ki ba ni lokaci in nuna masa ina da amfani."

Son nuna amfanin nan shi ya kai su ga abin da ya faru.

A tsakiyar ƙyanƙyasa aiki ya yi yawa, Dakta ya raba su. Kyaftin ya sauke shi da sauran ma'aikata a tsibiri na nesa, ya dawo da Auta tsibiri na kusa, a kan idan ta gama su koma su ɗauko su. Tana dirowa daga jirgin ta taka fasasshiyar kwalba da ruwa ya kawo. Kwalbar ta huda takalmin, ta tsaga mata diddige. Jini ya ɓata yashi.

Kyaftin ya wanke ciwon, ya ɗaure da ƙyalle. Ta gwada takawa, ta zube.

"Mu koma a duba ki," ya ce.

"In koma ban auna ko ɗaya ba? Dama Dakta nema yake ya ce soyayya ta hana ni aiki."

"To zauna a inuwar jirgi. In ke ba za ki je wurinsu ba, su za su zo wurinki."

Kafin ta buɗe baki ya fizgi kwandon kifinsa ya ruga.

Tsinkayen suna cikin jakarta. Ta sa hannu ta taɓa su. Da ta ɗaga murya zai ji. Ta dubi ƙafarta, ta dubi rana, ta dube shi yana tsalle tsakanin sheƙuna saboda ita. Sai ta zare hannunta.

Ya dawo da kwando cike, ya rufe shi da rigarsa. Ya yaye rigar yana washe baki kamar wanda ya kawo kayan lefe daga sama. 'Yan tsaki sun hau kan juna suna tsiwa.

Ta dubi kwandon, ta dube shi.

"Za ka tuna inda ka ɗauki kowanne?"

"Ni da na san kowane dutse a ruwan nan, gidan ɗan tsako zai ɓace min?"

Ta san ba zai yiwu ba. Amma ta yi dariya, ta jawo sikeli. Bai taɓa ganin ta yi aiki da sauri haka ba. Tana aunawa yana yi mata fifita da malafa, yana raɗa wa kowanne suna. Ya nuna wani mai ƙaton ciki ya ce Dakta ne. Ta yi dariya har da hawaye.

Da ta gama, ya ɗauki kwandon ya koma. Yana isa ya tsaya. Yashi ko'ina iri ɗaya, ramukan sheƙa iri ɗaya. Ya waiwayo, ya ga tana kallonsa. Sai ya fara ajiyewa da ƙarfin hali, ɗaya nan, ɗaya can, kamar mai shuka.

Ya fito, iyayen suka sauko.

Wata uwa ta sauka da kifi a baki. Ɗan tsakon da ke sheƙarta ya rugo ya buɗe baki. Ta karkata kai ta dube shi. Ba nata ba ne. Ta saki kifin ta sare shi a ka. Ya gudu sheƙar kusa, ta can ma ta sare shi. Ya juyo, suka haɗu a kansa. Kafin Kyaftin ya gane abin da yake gani, wurin duk ya rikice. Ko'ina ƙananan abubuwa ne suke gudu daga baki zuwa baki, ko'ina sara. Hankaki suka sauko suna zaɓa.

Ya ruga ciki yana ihu yana kaɗa riga. Iyayen suka tashi, 'yan tsakin da bai taɓa ba su ma suka watse, suka faɗa gidajen wasu.

"Fito!" Auta tana ihu daga jirgi. "Fito, kana ƙarawa!"

Ya fito yana haki, jinin sara yana gangarowa daga goshinsa.

"Ba ki gaya min ba."

"Na ce maka inda aka ɗauke shi!"

"Kin ce a mayar. Ba ki ce kashewa suke yi ba!"

Suka zauna suna ji har ihun ya lafa.

Da aka ɗauko Dakta, shi kaɗai ya zaga wurin, hannu a baya, yana kallon ƙasa. Ya daɗe. Ya dawo ya tsaya a gaban Auta, ma'aikata suna bayansa.

"Ina jin ki."

Auta ta dubi ƙafarta. Muryarta ta fito a hankali, amma kowa ya ji.

"Na gama awo, na mayar da kowanne wurinsa, sannan na taka kwalba. Ina ɗaure ƙafa ya shiga ya kwashe su, wai zai kai su inuwa. Ban sani ba sai da na ji ihu."

Kyaftin ya dube ta. Ya jira ta ɗago. Ba ta ɗago ba.

"Haka ne?" in ji Dakta.

Kyaftin ya sunkuyar da kai, bai ƙaryata ta ba.

Dakta ya tura masa kwandon da ƙafa. "Je ka kwaso su. Ai ka iya kwasa. Ka cire min zoben kowanne, kayan aiki ne."

Ya je ya kwaso. Ya zauna a gabansu yana zare zobe daga ƙafafun da suka sandare, wasu har da sauran ɗumi. Mai ƙaton cikin nan yana ciki, ido ɗaya babu. Babu wanda ya taya shi.

A matsayar jirage, a gaban sauran matuƙa, Dakta ya ɗaga murya ya ce daga yau an sallame shi, kuma duk mai son kayansa su isa da rai ya nemi wani jirgin. Kafin rana ta faɗi labari ya kai shagon Baba. Baba ya ce, "Katako ya riga ya gaya min."

Auta ta yi ta rubutu.

"Kyaftin, ka yi haƙuri. Tsoro ne. In aikin nan ya tafi ban san me zan zama ba."

"Mahaukacina, ka amsa min ko da zagi ne."

"Na san kana gani."

Sai da aka kwana biyu amsa ta zo.

"Kin auna ni, kin san zan mutu, kin ajiye. Aikinki kika yi. Kar ki ƙara rubuto min."

Masu haya suka guje shi. Ya koma dakon yashi ga magina, aikin da ake ba tsofaffin jirage. Innarsa ta ce in ta ƙara jin sunan yarinyar nan a gidanta sai ta fasa masa waya a ka.

Dakta kuwa ya ga hanya ta buɗe. Ya zo shagon Baba da fararen kaya. Baba ya goge kujera mafi kyau ya ba shi, ya kira Auta ta kawo ruwa. Aka gaisa, aka yi maganar katako da tsadarsa. Sannan Dakta ya faɗi abin da ya kawo shi. Don ya nuna irin riƙon da zai yi mata, sai ya ƙara da murmushi.

"Baba, tun kafin in aure ta ma ina rufa mata asiri. Ranar da aka yi ɓarnar nan, na duba yashi. Sawun takalminta bai wuce gindin jirgi ba. A zaune aka kawo mata su, ta auna, ta sa zobe. Da wani ne shugaba, ita za a kora. Ni kuwa na ce ga wanda ba shi da abin asara, ya ɗauka."

Auta tana tsaye a gefe da farantin ruwa.

Baba ya ajiye abin da yake gogewa.

"Auta. Haka aka yi?"

Ta kawar da kai.

"Da ke nake."

Ta gyaɗa kai.

Baba ya juya ga Dakta. "Ka sani tun a ranar, ka sa shi ya kwashi gawa a gaban mutane?"

"Baba, ni dai ba ni na kashe ko ɗaya ba. Hannunsa ne ya kwaso."

"Gaskiya ne. Tashi min daga kujera."

Dakta ya tashi, ya gyara riga, ya fita bai yi sallama ba. Auta ta juya za ta shige.

"Tsaya," in ji Baba. "Na ce yaron nan bai isa ya aure ki ba. Ashe ke ce ba ki isa ba. Shi wawa ne, wawa yana warkewa. Ke ban san sunan ciwonki ba. Kuma kar ki sa rai zan je in roƙe shi. Da bakinki kika ɓata."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta sai da kai.

Dakta bai kore ta ba, ya san abin da ya fi kora. Tsuntsayen da suka rasa 'ya'ya sun sake yin ƙwai a makare, sun ƙyanƙyashe lokacin da ƙananan kifi suka fara barin gaɓa. Ya kira ta ya ce, "Na makaran nan ke kika jawo su duniya. Ke za ki auna su, ke kaɗai. Jirgin aiki yana da abin yi. Ki nemi naki."

Ta sauko matsayar jirage da jakarta, tana ɗingishi. Matuƙa suna zaune a inuwa. Kowa ya san ta, kuma zuwa lokacin kowa ya ji abin da aka faɗa a shagon kafinta.

"Tsibiri na kusa," ta ce da na farko.

"Ayya, ƙanwata, injina ba ya tashi in ya ji ƙarya."

Aka fashe da dariya.

Na biyu ya ce, "Ni iyali gare ni. In kai ki, gobe a ce na soye tsuntsu?"

Wani tsoho a cikinsu bai yi dariya ba. Ya nuna mata ƙarshen gaɓa da haɓa. Kyaftin yana can yana sauke yashi da shebur. Ya rame, wuya ya fito.

Ta je ta tsaya a gabansa. Bai daina aiki ba. Matuƙan suka taso suka biyo ta, ba sa so a ba su labari.

"Kyaftin."

Shebur ya shiga yashi, ya fito.

"Ni na yi ƙarya. Na ga kwandon, na san ba daidai ba ne, na auna. Tsinkayen suna hannuna ban ba ka ba."

"Me kika ce? Injin can yana ƙara."

Babu injin da yake ƙara. Ta maimaita da ƙarfi.

"Baba tsoho bai ji ba, kunnensa ya yi nauyi."

Ta juya ta fuskanci mutanen, hawaye yana zuba, ta faɗa har muryarta ta fashe. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Kyaftin ya jefa shebur cikin jirgi. "Shiga."

Ta zauna a kan ragowar yashi. Da suka isa ta sauka, ta jira ko zai karɓi jaka. Ya kwanta a jirgi ya rufe fuska da malafa.

Ta yi aikin ita kaɗai cikin rana, tana jan ƙafa. Ta kafa tsinke, ta ɗaga, ta auna, ta mayar. Duk wanda ta shafa, ƙashi take ji. Wani ko tsiwa ba ya iya yi, sai buɗe baki. Wani ta same shi ƙudaje sun riga ta. Iyayen suna ta kai da komowa a kan ruwa, suna dawowa baki wayam. Ta ɗaga wani da bai fi nauyin jakar ƙyallen ba, ta rataya shi, allurar sikeli da ƙyar ta motsa. Sai ta durƙushe a wurin, ta kasa tashi.

Inuwa ta rufe ta. Ya karɓi sikelin daga hannunta, ya fito da ɗan tsakon, ya shafa ƙirjinsa. Ya nemi tsinken da ido, ya ajiye shi a gindinsa a hankali.

Ya zauna nesa da ita kaɗan.

"Na ce miki zan tuna," ya ce. "Ko na farkon ban tuna ba. Tun ina cika kwandon na sani. Ni na fara yi miki ƙarya, ke kika ƙarasa."

"Tawa ta fi muni."

"Ta fi. Kar ki ɗauka zan ce a'a."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ban yafe ba, Muguwa. Kullum na ɗaga shebur sai na tuna yadda kika ƙi ɗago kai. Na gwada in tsane ki in huta, abin ya ƙi. Na gwada in manta, ya ƙi. Inna ta nuna min 'yar ƙawarta, yarinya mai hankali, ko tsawa ba ta iya ba. Na zauna da ita kamar ina jiran mota."

"To yanzu me kake so?"

"Zan aure ki da haushina. In ya tafi, ya tafi. In bai tafi ba, kina kusa, ba sai na yi ta aika shi a waya ba."

Ta yi wata dariya da ta fi kama da kuka. "Na karɓa. Har da haushin."

"Tashi, saura wancan layin. Ba ni tsinkayen."

Inna ta yi rantsuwa ba za ta je gidan su Auta ba, ta yi kwana da kwanaki ba ta cin abin da ya sayo. Daga baya ta ce za ta je ne kawai don ta ga fuskar da ake iya yin ƙarya da ita haka. Da ta gani, ta ce, "To, aƙalla ba mummuna ba ce," ta kama hannun Auta ta matse har sai da ya yi zafi, ba ta kuma saki ba.

Baba ya karɓi manyan Kyaftin a shago, a tsaye. Ya ce shi har yanzu bai ga abin so a jikin yaron ba, amma tunda akwai wanda zai ɗauki Auta bayan ya san ta, ba zai tsaya yana zaɓe ba.

Aka ɗaura aure bayan tsuntsaye sun bar tsibiri. Matuƙa suka zo gaba ɗayansu, har da mai injin da ba ya tashi, wanda ya fi kowa ci. Dakta bai zo ba. Ana cikin hayaniya, wayar amarya ta yi ƙara. Saƙon Dakta ne.

"Ina taya ku murna. Na je zagayen ƙarshe jiya. Cikin na makaran babu wanda ya tashi, ko ɗaya. Na ga ya kamata ku sani a yau."

Ta karanta, ta miƙa wa ango. Ya karanta. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kife ta a kan cinyarsa. Bai ce laifin wane ne ba, ita ma ba ta ce ba. Ta matso, kafaɗarta ta taɓa tasa, bai janye ba.

A haka Baba ya shigo ya same su. Suka zame suka durƙusa. Ya tsaya a kansu, hannunsa duk tabon gam, ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Mutane sukan yi aure sannan su ga sharrin juna," ya ce. "Ku kun gama gani tun a waje, gari ma ya taya ku gani. Saura alherin. Ni ban gan shi ba tukuna, sai ku je ku nemo."

Ya yi gyaran murya kamar ƙurar katako ce ta shaƙe shi. Ya ɗora hannu ɗaya a kan Auta, ya yi jim, sannan ya ɗora ɗayan a kan Kyaftin.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku masu jin ƙanku. Allah ya sa kar in ji ku a bakin mutane kuma."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Daga bakin ƙofa Inna ta ce, "Amin. Ku tashi haka nan, ƙafarta ba ta gama warkewa ba."